Ƙulli Ɗaya Wuta, Biyu Jiki

Ranar Lahadi Yaya ya yanke wa motar Baba hukunci. Ya ce Asabar mai zuwa mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja ta, kowa ya huta. A tsaye ya faɗa, a bakin ƙofar falo, makullin babur ɗinsa a hannu. Haka yake yi in zai faɗi abin da ya san ba za a so ba.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Wata biyar ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, harshensa ma ya yi nauyi. Laraba da Asabar muke kai shi asibiti a yi masa gashin jiki. Tun a watan farko motar ta tsiro da wani hali: a kashe ta da yamma lafiya lau, da safe a murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Yaya ya sayo sabon batir, kwana uku ta shanye shi. Samarin layinmu sun tura ta har sun gaji, da sun hango ni na fito da makulli sai kowa ya tuna an aike shi. Inna kuwa cewa take motar jinya take taya mai ita, ranar da ya miƙe ita ma za ta miƙe.

Tsohuwa muke kiran motar. Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin ya mallake ta, kuma tun da ya kwanta, a bakin tagar da ke kallonta yake so a ajiye masa kekensa na marasa lafiya. Da Yaya ya gama magana, Baba ya daki hannun keken da hagunsa sau ɗaya.

Ni ne auta, sunan da ya bi ni kuma Mazari, don ba na zama wuri ɗaya. Aji uku na bar sakandare. Na yi wata biyu a shagon tela, mako shida wajen mai walda, wajen mai fenti ko kwana goma ban cika ba. Shi ya sa da na ce a ba ni zuwa Asabar, Yaya bai ma yi fushi ba, dariya ya yi.

"Kai? Wandon da ka fara ɗinka mini har yau ƙafarsa ɗaya."

Na ce duk da haka a ba ni. Ya ce ya ji. In Asabar da safe ta tashi da makulli, ba turi, ba wata dabara, ta zauna. In ba ta tashi ba, ni zan ɗaura mata igiyar ja da hannuna.

Litinin da safe na lallaɓi mutum uku suka tura ni, na zagaya gari da ita har batirin ya ɗan samu, na dawo na faka a gindin bishiyar ƙofar gida. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na kwance murfin da ke rufe wayoyi. Abin da ya zubo mini a fuska ja ne kaf.

Akwai wani babban naɗin jan waya da ke rataye a ƙusa a ɗakin ajiyarmu tun ina yaro. Da shi Baba ya yi duk abin da ya ƙara wa motar: ƙaramar fanka saboda Inna, rediyo, hon na biyu mai ƙarar babbar mota, fitilar karatu a saman madubi. Wayoyin kamfani masu launi-launi suna can ciki a naɗe tsaf, amma na Baba sun lulluɓe su kamar yaɗiya. Kuma kusan kowace da ƙulli a jikinta, wata ɗaya, wata biyu. Na ce a raina, ga ciwon nan. Aikin direba ke nan, ya cukurkuɗa komai. Wa ya taɓa ganin wuta ta wuce ta cikin ƙulli lafiya?

Na zauna na warware su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka kwance ƙulli dole ka saki bakin wayar daga inda aka haɗa ta, don haka na yi ta ɓare tsohon salatif ina kwancewa ina mayarwa. Goma sha biyu ne. Na miƙe su, na jera su, har na ja baya ina yaba kaina. Sai na ga bakin waya biyu suna lilo, na manta inda na ciro su. Tsawonsu ɗaya, kusa da juna suke, dukansu ja. Na ce ja da ja ai 'yan gida ɗaya ne, na murɗe su tare.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Amma kafin in janye hannu robar ta fara narkewa, hayaƙi ya cika motar, na ga zaren wayar ya yi jawur yana bin hanyarsa zuwa gaba. Na fito da rarrafe, na ɗaga bonet, na kama kan batirin da hannu na murɗe shi da ƙarfin tsiya. Allah Ya taimake ni da ma a sake yake. Babban yatsana da manuni suka tashi nan take. Ina juyowa na ga Inna da bokiti cike da ruwa, da ƙyar na tare ta.

Da Yaya ya zo da yamma, tun daga bakin layi ya ji ƙauri. Ya leƙa cikin motar, ya dubi yatsuna da Inna ta naɗe, ya ce, "Mazari ke nan." Ya wuce ciki gaida Baba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na tashi da ƙaiƙayin ƙafar nan da na sani, wanda ya raba ni da tela da mai walda. Akwai wani abokina da ke ta kira na in bi shi yaron mota, har na sa takalmi. Amma a bakin ƙofa baro yake, batirin kuma yana gefensa inda na ajiye shi jiya. Na ɗora shi na tura, na nufi wajen Tartsatsi.

Tartsatsi mai wayarin motoci ne, rumfarsa ta kwano tana bayan gidan mai. Batura a jere kan benci ana yi musu caji, wayoyi a rataye kamar hanji a mahauta, rigarsa duk huji saboda ruwan batir. Da na faɗa masa ɗan wa nake, sai ya ajiye filayar hannunsa.

"Motar jan waya? Shekara bakwai da na rantse ba zan sake sa hannu a cikinta ba. Tsohonka mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ya san yaren motarsa."

Na ce ba zuwa nake so ya yi ba, koya mini nake so ya yi. Ya kalli yatsuna, ya tambaye ni ko na cire kan batir kafin in fara taɓa wayoyin. Na ce a'a. Ya ce to na riga na biya kuɗin darasin farko: baƙin kai ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, ko da kwan fitila za ka canza.

Sauran a kan benci ya zana mini da ƙusa. Ya ce wuta daga jan kan batir take fita, ta bi waya, ta je ta yi aiki a fitila ko fanka, sannan ta koma gida. Amma ba a ja mata doguwar wayar komawa, jikin motar ne hanyarta, don baƙin kan batir a jikin ƙarfen motar aka ɗaure shi. Saboda haka kowane abu yana da waya biyu, mai kawo wuta da mai sauke ta a jiki. In ka haɗa su kai tsaye, babu fitila a tsakani da za ta ci wutar, to wayar ce za ta zama fitilar. Ya ce abin da na yi ke nan. Fiyus kuma maigadi ne da ya yarda a kashe shi don gida ya tsira, kuma tunda wayata ta ci wuta har ta narke, Baba bai sa mata maigadi ba.

Sannan ya ɗauko ƙaramin kwan fitila ya liƙa masa waya biyu, ɗaya da maƙali a bakinta, ɗaya da ƙusa. Ya ce wannan ne idona. In na maƙala ɗaya a jikin mota na taɓa waya da ƙusar, in ya kama, mai wuta ce. In kuma ɓarawon batir nake nema, in kashe komai, in rufe ƙofofi, in cire baƙin kai, in sa kwan tsakanin batir da wayar da na cire. In ya kama alhali komai a kashe yake, akwai mai sha a ɓoye. Sai in riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda na zare kwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake. Ya zuba mini fiyus huɗu da gidajensu a tafin hannu, ya ce in dawo da yamma in ɗauki batirin, in kuma motar ta tashi in kawo ta ya gani da idonsa, don ba zai yarda da labari ba.

Laraba a tasi muka kai Baba asibiti. Direban ya yi ta mita a kan keken, wai zai karce masa fenti, a ƙarshe a cinyata na riƙe keken. Wajen shigar da Baba kuma ya tsaya yana kallon agogo, ni da Inna muna fama, hular Baba ta faɗi a kwata. Tun daga nan har muka je muka dawo Baba bai ɗaga kai ba.

Da muka dawo na durƙusa gaban kekensa na faɗa masa gaskiya, cewa na ƙona waya ɗaya, kuma na warware masa duk ƙulle-ƙullen da na tarar. Ina faɗin ƙulli sai ya ɗago. Ya yi ƙoƙarin magana, kalmar ta maƙale. Ya nuna igiyar labule. Inna ta ciro masa. Ya kama baki ɗaya da haƙori, ɗaya da hagu, ya daɗe yana fama har ya yi ƙulli guda. Ya ɗaga shi, ya nuna kwan lantarkin da ke saman silin. Ya sake yin wani ƙullin kusa da na farko, suka zama biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen kekensa.

Inna ta dafe baki. Ta ce ta tuna, in yana aiki a motar yakan yi ta maimaitawa kamar waƙa, ɗaya wuta, biyu jiki, ita kuma ta ɗauka surutunsa ne kawai.

Ashe launin da kamfani ke rubutu da shi, Baba da ƙulli ya rubuta nasa, ni kuma na zo na goge allon. Na tambaye shi marasa ƙullin fa? Ya murɗa hannu kamar mai tada mota. Wato su sai an kunna makulli suke samun wuta.

Alhamis tun da sassafe na koma ƙarƙashin sitiyari, baƙin kan batir a cire. Ban san ta inda zan fara ba, ina dai shafa wayoyin da yatsun da ba su ƙone ba. Sai na ji wani ɗan tudu a jikin ɗaya. Na sake shafawa. Waya da ta shekara ashirin a ƙulle ba ta manta lanƙwasarta. Duk miƙar da na yi musu, gurbin yana nan, wata guda, wata biyu. Na bi su da yatsa, duk wadda na karanta sai in mayar da kan batir in tambayi kwan ko gaskiya ne, in sake cirewa. Na yi wannan safa da marwa tsakanin bonet da sitiyari ya fi sau talatin. Goma sun amsa yadda na karanta, na mayar musu da ƙullinsu. Biyun da na haɗa kuwa, ɗaya ce daga batir, ɗaya ta jiki. Na zare ƙonanniyar tun daga tushe, na shiga ɗakin ajiya na yanko sabuwa daga naɗin Baba, na ƙulla mata ɗaya.

Ranar Juma'a na zo kan ɓarawon. Na kashe komai, na rufe ƙofofi, na sa kwan a tsakani. Ya kama, ba da ƙarfi ba, amma ya kama. Akwatin fiyus yana da goma a ciki. Na zare na farko, na leƙo, yana ci. Na biyu, yana ci. Har na goma kwan nan bai ko ƙifta ba. Na tsaya ina kallonsa, sai maganar Tartsatsi ta dawo mini, cewa Baba ba ya sa maigadi. In haka ne ɓarawon bai bi ta ƙofa ba. Na duba jan kan batirin, ga jajayen wayoyi huɗu an cusa su ƙarƙashin noti, kowace da ƙulli ɗaya. Na sake su bi da bi. A ta uku kwan ya mutu.

Na bi ta. Ta ratsa bangon inji, ta shige ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, ta bi gefen ƙofa. Na cire kujerar baya, na tarar da tsohon cokali da takalmin yara ƙafa ɗaya, wanda ina jin nawa ne. Daga nan ta faɗa cikin but. A can Baba ya sa wata 'yar fitila, da makunni mai tsinke a bakin but ɗin: in murfi ya sauko ya danne tsinken ta mutu, in an buɗe ta kama. Na mayar da kan batir, na danna tsinken da yatsa, ta mutu. Na saki, ta kama. Lafiyarta lau.

Na zauna a ƙasa na jingina da taya. Rana ta take, yatsuna suna zugi, saura kwana ɗaya, kuma wayar da na bi ta kai ni ga fitilar da ba ta da laifi. Ƙafar nan ta sake motsawa. Na ce mata ta bari tukuna. Yatsana ne ya kashe fitilar, ban ga murfi ya kashe ta ba.

Na kira Inna na ce zan shiga but ta rufe ni. Ta ce ita ba ta haifi ɗa don ta kulle shi a akwati ba, in maƙwabta suka gani me za ta ce musu? Na ba ta makulli na ce ta ƙirga goma ta buɗe. Na naɗe ƙafafu na kwanta, ta sauke murfin a hankali har ya ce ƙyas.

Ya kamata in ga duhu. Sai ga ni kwance ina kallon tafin hannuna tar.

Da ta buɗe na duba ƙarfen da ke riƙe da makunnin. Ya lanƙwashe ya yi ƙasa, yadda murfi ba ya kai wa ga tsinken. A jikinsa ga karce-karce sababbi, ga kuma ɓurɓushin baƙin fenti. Na san fentin. Na matakin keken Baba ne. Kuma ba wanda ke sa keken nan a but sai ni, kullum a gurguje, in cusa shi in buga murfi. Wata biyar fitilar nan tana ci dare da rana a cikin rufaffen but, muna ta zagin batir.

Da filaya na miƙe ƙarfen, ko minti biyu bai ɗauka ba. Inna ta sake rufe ni, wannan karon duhu ƙirin, ban taɓa jin daɗin duhu haka ba. Sannan na cire baƙin kai, na yanke wayoyin nan huɗu kusa da batir, na sa wa kowace fiyus ɗinta, na naɗe da sabon salatif, na mayar da kujerar baya. Na gwada da kwan a tsakani, bai kama ba.

Da yamma ina wanke hannu Inna ta matso ta yi ƙasa da murya. Ta ce ko don a tabbata, me zai hana in cire kan batirin ya kwana a cire, da asuba in mayar, wa zai sani? Na san tsoron me take ji, don ni ma ina jin sa. Na ce mata, "Inna, in na cire, ko ta tashi ban san na gyara ba." Na ƙara ɗaure notin a gabanta, na rufe bonet, na kai wa Baba makullin ya kwana a aljihunsa.

Asabar ƙarfe bakwai Yaya ya iso, mai ƙarafa na biye da shi a wata akwalar motar ja, igiya a kafaɗa. Yaya ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ko da ɗumi, ya buɗe ya jijjiga kawunan batir, ya tsaya yana kallon fiyus huɗun da ke jere. Ya ce to bismillah, in murɗa mu gani.

Na ce tukuna. Na shiga ciki na turo Baba, na ce Yaya ya kama mini, muka zaunar da shi a gaba, na gyara masa hula. Inna ta shiga baya da jakar magani. Na naɗe keken, na kwantar da shi a but a hankali, matakin yana kallon ciki, na sauke murfi da hannu biyu. Mai ƙarafa ya ce wa Yaya wannan yaron ko dai ya san abin da yake yi, ko kuma za a sha wahalar sauke tsoho. Na zauna, Baba ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini.

Bugu ɗaya ta ɗauka. Ta yi tari, ta girgiza, ta daidaita.

Mai ƙarafa ya sauke igiyarsa daga kafaɗa ya jefa a bayan motarsa, yana cewa an tashe shi da sassafe a banza. Yaya ya zagayo ta tagata, ya miƙa hannu ya murɗa rediyo. Shiru. Na ce masa na san da ita, akwai waya ɗaya marar ƙulli da ban gano inda ta saki ba, ranar Litinin zan bi ta. Ya ce Litinin ɗin wace shekara? Na ce ta jibi.

Ya janye hannunsa daga rediyon. Sannan ya ce in mun fito daga asibiti in biya ta shagonsa, hon ɗin babur ɗinsa ya kwana biyu ba ya yi.

Baba ya kai hagunsa ya danna makunnin fankar. Ta juya, iskar ta ɗaga gefen mayafin Inna. Ya nuna mini hanya da haɓa, na sa giya.